Neman gida a Belfast, garin da katanga ta ratsa

Kafin in baro Kaduna, iyakar abin da na sani game da Arewacin Ireland shi ne yanki ne na Birtaniya, ana sanyi, kuma suna neman masu kula da tsofaffi. Aikin da ya kawo ni Belfast ke nan. Ba wanda ya gaya min cewa zan bar gari mai rabe biyu in faɗa wani irinsa.

Duk ɗan Kaduna ya san yadda rikicin shekarar 2000 ya sa kowa ya tattara ya koma cikin nasa: Musulmi suka cika Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka haye gada zuwa Sabon Tasha da Television. Mu kogi ne a tsakaninmu. Su katanga suka gina da hannunsu. Wadda ke Cupar Way, tsakanin Falls ta 'yan Katolika da Shankill ta 'yan Furotestan, ta fi gidan bene tsayi, kuma har yau ana rufe ƙofofin ƙarfe da dare. Dukansu farare ne, Kiristoci, harshensu ɗaya. Amma kusan shekara talatin suka yi suna kashe juna, sama da rai 3,500 suka salwanta, kafin yarjejeniyar 1998. Galibin 'yan Furotestan na son zama ƙarƙashin Birtaniya, galibin 'yan Katolika na son haɗewa da Jamhuriyar Ireland.

Wajen neman gida na gane cewa wannan tarihin ya shafe ni. Wata 'yar Zariya da ta riga ni zuwa ta ce min, "Ƙanwata, kafin ki tambayi kuɗin haya, ɗaga kai ki ga tutar da ke kan falwaya, ki duba fentin bakin titi." Ja da fari da shuɗi, unguwar masu goyon bayan Birtaniya ce. Kore da fari da ruwan lemo, ta ɗaya ɓangaren. Har rikicin Gabas ta Tsakiya sun raba: tutar Falasɗinu a nan, ta Isra'ila a can. Gidajen da baƙo zai iya biya sun fi yawa a unguwannin talakawan Furotestan, kuma a nan ɗin ne aka fi wayar gari a ga an rubuta a bango cewa gidan na 'yan unguwa ne kawai, ko an farfasa taga. Ragowar ƙungiyoyin da suka ɗauki makami a da suna nan, har yanzu suna jin layin nasu ne.

Ranar 3 ga Agustan 2024 ba ta fita daga raina. Bayan kisan yara mata uku a Southport ta Ingila, aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya aikata. Taron masu zanga-zangar ƙin baƙi ya nufi wajen cibiyar Musulunci ta Belfast, da dare kuma aka ƙona shagunan baƙi a yankin Sandy Row da Donegall Road, har da kantin wani ɗan Siriya da gidan shayin wani ɗan Sudan. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ganin tutar Birtaniya da ta Ireland kafaɗa da kafaɗa a cikin taron. Mutanen da ba sa haɗa makaranta, ba sa haɗa unguwa, ƙin mu ya haɗa su. Mu nawa ne ma? Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi ba su cika 11,000 ba cikin mutum miliyan 1.9. A Yunin 2025 wutar ta koma Ballymena, a kan iyalan da suka zo daga Romaniya, har baƙi suka riƙa liƙa tutar Birtaniya a ƙofa don kada a ƙona su da 'ya'yansu a ciki.

A makon rikicin Agusta, da hijabina nake zuwa aiki, ina yi wa iyayen 'yan garin wanka, ina ba su abinci a baki. Zalunci ne kuma in ce duk haka suke. Abokiyar aikina, haifaffiyar Shankill, ita ta riƙa kai ni har ƙofar gida a motarta, ba ta tafiya sai ta ga na kulle. Dubban mutane sun fito gaban zauren birni suna cewa ba da yawunsu aka yi ba. A 2024 ɗin ce ma Derry, birni na biyu a girma a yankin, ta yi magajiyar gari baƙar fata, Lilian Seenoi-Barr, haifaffiyar Kenya, duk da barazanar da ta sha.

Yanzu makarantar 'yata ce a gabana. Yawancin yara nan ko dai suna makarantar Katolika, ko ta gwamnati wadda 'ya'yan Furotestan suka fi yawa. Masu zuwa makarantun haɗaka ba su kai ɗaya cikin goma ba. Irin wannan na nema mata, ko da sai ta hau bas biyu, domin ba na so ta tashi tana tambayar ɓangaren mutum kafin ta gaishe shi.