"Anjima" ta cinye mini bazara bakwai

Ranar Asabar da ta wuce na leƙa gidan ɗan ƙanena, wanda aurensa bai wuce shekara biyar ba. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, waya a hannu, kai a sunkuye. Muna cikin gaisawa sai ga 'yarsa mai shekara uku ta sheƙo a guje daga bayan gida, hannunta a dunƙule. Ta tsaya a gabansa ta buɗe hannun a hankali. Wani ɗan ganye ne sabon tofo, ja-ja haka, bai kai faɗin farce ba. Ta ce, "Abba, ka gani, itacen ya haihu." Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "To, anjima." Ta matso ta dafa gwiwarsa. Ya ce, "Na ce miki anjima mana!" Yarinyar ta yi tsaye jim kaɗan, ta rufe hannunta, ta juya.

Can da matarsa ta fito da ƙaramin a goye, na tambayi watanninsa, ta ce goma. Na ce an yi masa allurar ƙyanda? Sai ta kalli mijinta. Shi kuma ya ce, "Wallahi Baffa aiki ne ya yi yawa, amma mako mai zuwa za mu je, in sha Allahu."

Gabana ya faɗi. "Anjima" da "mako mai zuwa". Da bakina na yi ta furta su shekaru masu yawa, kuma na san inda suke kai mutum. Tun a hanyar komawa gida na ƙudurta sai na rubuta wannan, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Yara uku Allah ya ba mu cikin shekara shida. Sana'ata gini ce, kuma duk wanda ya san harkar ya san yadda bazara take gare mu. Daga Maris zuwa Mayu kowa so yake a gama masa aikinsa, wannan yana jiran rufi, wancan yana jiran daɓe, leburori na jiran sallama. Ina fita tun kafin gari ya waye, ba na dawowa sai dare ya yi. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, watannin da suka fi cika mini da aiki su ne watannin da yaro ya fi buƙatar abokin kallo. A arewacin duniya a wajen watan Maris yini yake fara fin dare tsawo. A wasu ƙasashe lokacin ne ƙanƙara take narkewa furanni su buɗe, a wasu kuma lokacin ne zafi yake tsananta ana jiran hadarin farko. Amma ko'ina ne, itatuwa suna sabon ganye, tsuntsaye suna haɗa sheƙa, ƙwari suna fitowa. Babba ya ga wannan sau talatin ko arba'in, ya daina gani. Yaro ɗan shekara uku kuwa wannan ce bazara ta farko da yake da bakin tambaya a kanta. Komai sabo ne a idonsa, kuma duk abin da ya gani sai ya nemi wanda zai nuna wa.

Babban ɗana yana da shekara biyar ya shuka ƙwayar wake a cikin wani tsohon gwangwani. Ni ban ma san da ita ba. Daga baya mahaifiyarsa take gaya mini kullum da safe sai ya zuba mata ruwa da murfin kwalba, ya tsuguna ya yi ta leƙe. Bayan kamar mako guda ta tsiro, ta ɗago kai a lanƙwashe, ɓawon yana maƙale a samanta. Ranar ya ƙi kwanciya, wai sai Baba ya dawo ya gani. Barci ya ɗauke shi a bakin ƙofa, gwangwanin yana gefensa. Na shigo cikin duhu a gajiye, raina a ɓace saboda wani mai gida da ya hana ni kuɗina, na yi tuntuɓe da shi, ƙasa ta watse a tsakar ɗaki. Na daka tsawa, wa ya shigo da shara ɗaki? Yaron ya farka a firgice. Na ɗauki gwangwanin na wurga waje. Bai yi kuka ba. Ya dube ni kawai, ya tashi ya je ya kwanta.

Da safe da na ji labarin, na ce zan sayo masa wani abu a hanya. Na kuma sayo. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Amma ban tuna ya sake kawo mini wani abu ya ce "Baba, ka gani" ba. Yau shi ma magidanci ne, yana gaishe ni cikin ladabi, ba ya saɓa mini, yana yi mini hidima daidai gwargwado. Sai dai in abu ya same shi, na daɗi ko na baƙin ciki, daga bakin mahaifiyarsa nake ji.

To amma a yi mini adalci. Ba yawo nake zuwa ba. Kuɗin haya, kuɗin makaranta, suturarsu, maganinsu, duk daga wannan fitar asubar suke fitowa. Wanda bai taɓa kwana yana lissafin yadda zai kai ƙarshen wata da baki biyar a wuyansa ba, kada ya yi saurin yanke mini hukunci. In na bar aikin bazara ya wuce ni, sauran shekarar wahala ce. Kuma mahaifina ma bai taɓa tsugunawa ya kalli ganye tare da ni ba, ga shi mun girma mun zama mutane. Shekaru na yi ina kare kaina da wannan maganar. Sai da na manyanta na yarda cewa ba daidai take ba. Mahaifina ba mai yawan magana ba ne, amma muna ganinsa. Inda yake aiki muna bin bayansa, in ka tsinto abu ka miƙa masa zai juya shi a hannunsa ya gaya maka sunansa da kalma ɗaya. Ni 'ya'yana ƙarar buɗe ƙofata suka sani. Kuma ko a cikin watannin nan akwai ranakun da na tashi aiki da wuri, na zauna hira da abokai har dare, saboda na san in na koma gida hayaniya zan tarar.

Na gwangwani ciwo ne da ba a gani. Na autarmu kuwa har yau ana gani.

Ta cika wata tara a farkon Maris. Mahaifiyarta ta ce lokacin allurar ƙyanda ya yi, ga shi an rubuta a kati. Asibitin da ɗan nisa, kuma ban so ta fita ita kaɗai da yara uku, don haka na ce ta bari ni zan kai su. Niyyata mai kyau ce, wannan kam Allah shaida ne. Na ce mako mai zuwa. Makon ya zo ana zuba kankare, na ce na gaba. Ta tuna mini sau uku, a na huɗun na yi mata faɗa, na ce yarinya lafiyarta ƙalau, me ake gaggawa? Ta yi shiru. Wata biyu suka wuce a haka.

Sai zazzaɓi ya kama yarinyar, da mura, da tari, idanunta suka yi ja suna ta ruwa. Bayan 'yan kwanaki ƙuraje suka feso mata a fuska da wuya, suka gangara ƙirji. Na duba na ce ƙurajen zafi ne, lokacinsu ne, a rage mata kaya. Na fita aiki. Na ƙara kwana biyu a kan wannan ganin nawa. Daren da numfashinta ya fara fita da sauri, haƙarƙarinta yana shiga ciki, shi ne muka kwashe ta. Ma'aikaciyar jinyar ta karɓi katin ta buɗe, ta sa yatsa a gurbin da babu komai, ta ɗago ta dube ni. Ba ta ce uffan ba. Na gwammace a ce zagina ta yi.

A nan na koyi abin da ya kamata in sani tun da farko. Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, tana daga cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa a duniya. Ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma da ba su da rigakafi da suka kusanci mai ita, tara na iya kamuwa. Alamu ba sa bayyana sai bayan kwana 10 zuwa 14, don haka ba ka ma san inda aka ɗauko ta ba. Ta fi tashi a ƙarshen sanyi da bazara a ƙasashe masu sanyi, da lokacin rani a ƙasashe masu zafi. Babu maganin da yake kashe ta kai tsaye. Abin da ake yi shi ne a tallafi jikin yaro, a ba shi sinadarin bitamin A sau biyu a kwana biyu, a yi maganin abin da ta janyo, kamar ciwon huhu, gudawa, ciwon kunne ko lalacewar ido. Allurar kuwa tun 1963 ake da ita, kuma kafin ta wadatu cutar tana kashe kimanin mutum miliyan 2.6 duk shekara. Abin da aka sha wahala aka samo tun kafin a haife ta, ni na hana ta shi saboda zuba kankare.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Amma kunnenta na hagu ya yi ta zubar da ruwa bayan nan, kuma bai koma daidai ba. Yanzu babbar mace ce. In ina yi mata magana sai ta ɗan karkata kai ta juyo mini da kunnen dama, ita ba ta ma san tana yi ba. Ni kuwa duk lokacin da ta yi sai na ga katin nan. Mahaifiyarta ba ta taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Wani lokaci nakan ce da ta nace, da ta ɗauke su ta tafi ba da izinina ba. Sai in tuna ni ne na daka mata tsawa.

Na zauna rubutun nan da niyyar jero muku shawarwari goma, ku matasa masu ƙananan yara. Da na zo nan sai na ga ba ni da goma.

Tashi ka ɗauko katin rigakafin yaronka yanzu, ka buɗe da kanka, kada ka ce aikin uwarsa ne. Allurar ƙyanda sau biyu ake yi. Ta farko a wata tara a ƙasashen da cutar take yawo, a wasu kuma daga wata 12 zuwa 15. In akwai gurbin da babu komai, gobe da safe a je. In zazzaɓi ya haɗu da ƙuraje da jan ido, kai ba likita ba ne, ni ma da na ce na sani ban sani ba.

In yaro ya kawo maka abu, ka duba. Ganye ne, tsakuwa ce, mataccen ƙwaro ne, ka ajiye abin da ke hannunka ka duba, ka tambaye shi inda ya samo. Ba ya cin minti ɗaya. Abin da yake ƙona mini rai da ku ke nan, yaran yanzu. Mu aƙalla nesa muke da gida. Ku kuna zaune a tsakar gida, yaro yana jingine da ƙafarku, amma hankalinku yana wurin rigimar wasu mutanen da ba su san da zamanku a duniya ba. Za ku ɗauki hoton yaro sau ashirin ku watsa a Facebook, amma a tambaye ku me ya faɗa da safe ba ku sani ba. In ya dame ku kuma ku miƙa masa wayar don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini, kuma yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki kullum. Wa yake bi? Ko da yake, a faɗi gaskiya, a zamanina babu irin wannan wayar, kuma duk da haka na yi abin da na yi. Don haka kada ku ɗora wa waya laifin duka.

Ku bar su su fita. Su taɓa ƙasa, su ɓata kaya, su bi tururuwa har raminta. Ƙazantar da sabulu zai wanke ba abin tsawa ba ce. Amma kada ku ɗauke ido a kansu ko na ƙiftawa, musamman inda akwai ruwa. Yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa, kuma bokiti ma ya isa. In rana ta take a shigo da su inuwa, a ba su ruwa tun kafin su nema. Na san na ce ku sake su, na kuma ce ku tsare su. Duka biyun nake nufi, yadda za ku haɗa su kuwa ku ya shafa.

Batun aiki kuma, ba zan ce ku bari ba. Yaron da ke jin yunwa ba ya kallon ganye, kuma na fi ƙin malalacin uba a kan wanda aiki ya cinye. Ku nema, ku yi gumi. Amma ranar da aka tashi da wuri, ku wuce gida kai tsaye tun da sauran haske. Bazarar da yaro zai yi yana jan hannunka ya nuna maka abu ba ta wuce biyar ko shida ba, daga nan makaranta da abokai sun ɗauke shi. Ni tsakanin yarana uku bakwai na samu, ban halarci ko ɗaya ba.

Duk wannan na gaya wa ɗan ƙanena a tsaye, kafin in fito. Ya sunkuyar da kai yana "Haka ne Baffa, gaskiya ne Baffa," irin amsar da nake ba manya a lokacina. Na kira yarinyar na ce ta nuna mini ganyen. Ta ce ta yar. Amma ta kama ɗan yatsana ta ja ni bayan gida, ta nuna mini reshen, muka ƙirga sababbin ganye har bakwai, ita tana tsallake huɗu. Na dawo na ce wa uwar ta fito da katin ta ajiye a kusa. Ranar Litinin ƙarfe takwas ina ƙofar gidansu, ko ya shirya ko bai shirya ba.