Abin da Malamar Aji Uku Ta Sani

Makonni bakwai na yi ina ɗaukar wata yarinya a ajina a matsayin mai taurin kai. Ina koyarwa a aji huɗu na wata firamaren gwamnati a cikin birnin Kano, ita kuwa tana zama a layin baya kusa da taga, inda ƙarar Adaidaita Sahu take shigowa tun safe har a tashi. Idan na kira sunanta ba ta amsawa sai ta kusa da ita ta zungure ta, idan na yi shifta takardarta takan dawo da rabin kalmomi, amma duk abin da na rubuta a allo tana kwafe shi tsaf da kyakkyawan rubutu. Wata rana an tashi tara, ina ƙorafi a kanta a ofishin malamai, sai malamar da ta riƙe su a aji uku ta ɗago kai daga rajistar da take cikewa ta ce, "Malam, ai ba ta ji da kunnen hagu, na daman ma sai an ɗaga murya. Sanƙarau ta yi tana ƙarama, mahaifiyarta ce ta gaya mini." Na ce, "Haba Malama, me ya hana ki sanar da ni?" Ta ce, "Ai ba ka tambaya ba, kuma babu inda ake rubutawa."

Bango ɗaya ne tsakanin ajinta da nawa. Shekara guda ta yi tana zaunar da yarinyar a gaba ta ɓangaren da kunnenta mai lafiya yake fuskantar malami, tana juyowa ta dube ta kafin ta yi magana, amma da aka yi canjin aji sai duk wannan sani ya tsaya a bakin ƙofarta, yarinyar ta shigo wurina kamar ba wanda ya taɓa saninta.

Ba dokoki muka rasa ba. Tun a 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, ita ce za ta gyara kanta ta dace da shi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, a watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, a wannan shekarar kuma gwamnatin Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole. Muna da makarantar Tudun Maliki da take koyar da kurame da makafi, Jami'ar Bayero kuma tana da sashen da yake yaye malaman wannan fanni. Sai dai makaranta ɗaya ba za ta ɗauki yaran birni kamar Kano ba, kuma mafi yawan yaran da nake magana a kansu ba ma waɗanda za a kai can ba ne. Akwai zabiyan da hasken rana yake hana shi ganin allo, da mai sikila da yakan ɓace mako biyu idan sanyin hunturu ya kama, da mai in'ina da ya daina ɗaga hannu saboda dariyar 'yan aji, da wanda shan inna ya shanye wa ƙafa kafin a tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a 2020, da yarinyar da sai ta sayar da kunun safe take zuwa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajina ya ninka wannan adadi har da ɗoriya. A irin wannan aji, malamin da ya ce shi kaɗai zai san matsalar kowane yaro, kansa yake yaudara.

Abin da muka fara bai taka kara ya karya ba. Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri a Kasuwar Sabon Gari, muka ware wa kowane aji shafuka, muka roƙi hedimasta ya ba mu rabin awa duk ranar Alhamis bayan an tashi. Da farko ya yi jim, don ya san malamai mata suna gaggawar komawa gida, wasunmu kuma suna da darasin Islamiyya da yamma. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gwada na wata ɗaya, idan ba a ga amfani ba a bari." Mu biyar muka zauna a gindin darbejiya a makon farko. Ƙa'idar ita ce kowa ya zo da yaro ɗaya da ya gagare shi, kuma ba a rubuta "daƙiƙi" ko "mara ji" a littafin, sai dai abin da ido ya gani da abin da aka gwada: wane ne, a ina yake zama, me yake iyawa, me aka yi masa, me ya biyo baya. Mun kuma amince littafin ya zauna a kulle a ofishin hedimasta, domin lalurar yaro sirrin gidansu ce, ba abin hirar masu sayar da awara a bakin ƙofa ba.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne shiga ajin juna. A wurinmu duk wanda ya zauna a bayan aji da biro a hannu sufeto ne, ya zo neman laifi, don haka malamin da ya shekara ashirin yana aiki ba zai so wanda aka ɗauka jiya ya zauna yana kallonsa ba. A Japan malaman firamare sun daɗe da wata al'ada ta shirya darasi tare, ɗaya ya koyar, sauran su kalla, sannan su zauna su gyara. Abin da muka ara daga can abu ɗaya ne: mai kallo ba malami yake kallo ba, yara yake kallo. Da wani abokin aikina ya zauna a ajina, bai ce komai a kan koyarwata ba, sai ya ce, "Malam, a cikin minti talatin, duk tambayoyinka layi uku na gaba suka tafi, kuma kana magana kana fuskantar allo." Na ji nauyin maganar, amma gaskiya ce, kuma ga yarinyar da take karanta laɓɓan mai magana, malamin da ya juya baya tamkar ya yi shiru ne.

Wani dattijon malamin Arabiyya a cikinmu ne ya hana mu ɗaukar abin a matsayin baƙon ilimi. Ya tuna mana cewa a tsangaya alaramma ba shi yake biya wa kowane kolo ba, gardi ne yake zaunar da ƙanana ya biya musu, kowa kuma da allonsa da inda karatunsa ya tsaya, ba a jiran wani, ba a kuma jan wani da ƙarfi. Ya ce makafi nawa ne suka haddace Alƙur'ani a zaurukan birnin nan da kunne kawai, sannan ya kawo farkon Suratu Abasa, wadda ta sauka a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon sahabin da ya zo neman sani. Daga wannan hira muka raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni da wanda ya fi fahimta a ciki, muka kuma haɗa mai sikila da maƙwabcinsa na unguwa da zai riƙa kai masa aikin aji idan ciwo ya kwantar da shi. Ban ce tsarin ba shi da aibi ba, domin wasu shugabannin rukunin sun mayar da kansu ƙananan sarakuna har da bulala, sai da muka riƙa sauya su duk bayan mako biyu.

Iyaye ma sun shigo ta hanyar da ban zata ba. Mahaifiyar yarinyar nan ta zo ta nuna mana alamomin da suke yi da ita a gida, sai muka gane cewa tana da ɗan abin da ta koya na maganar hannu irin ta kuramen ƙasar Hausa, wadda ta bambanta da ta makarantu, mai tushe daga Amurka, wadda Andrew Foster ya kawo Nijeriya da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Babu wanda ya ƙware a cikinmu, amma mun koyi alamomin da suka ishe mu cewa zauna, duba nan, kin gane, sake.

Akwai abin da zaman Alhamis ba ya iyawa. Dokar 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin ya wuce, ajujuwanmu kuwa har yanzu da dakali mai tsawo suke. Kwamitin iyaye da malamai ne ya tara kuɗin siminti aka yi gangara a ƙofar aji ɗaya, amma ban-ɗaki yana nan yadda yake, kuma yaron da aka yi gangarar dominsa yakan ƙi shan ruwa da safe don kada ya buƙaci zagayawa. Idan gobe aka kawo mana makaho, ba mu da ko takarda ɗaya ta rubutun makafi, ba mu da wanda ya iya karanta ta.

A farkon wannan zango aka yi wa malamar aji uku canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a bayan gari. Kafin ta tafi ta zauna ta cike shafuka huɗu a littafin. Wanda ya gaje ta matashi ne da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, kuma a zamansa na farko ya kawo maganar wani yaro da yake barci kullum da misalin ƙarfe goma. Babu sunansa a shafukan nan huɗu, babu kuma wanda ya san gidansu a cikinmu, don haka malamin Arabiyya ya ɗauki nauyin tambayar mai unguwa kafin Alhamis mai zuwa.