Sha ɗaya cikin ashirin, da darasin Kawu a kan rufi

Laraba, bayan Isha'i, Madina.

Yau aka raba mana takardun gwajin tamodainamiks, darasin zafi da makamashi. Sha ɗaya na ci cikin ashirin. Ban ga laifin kowa ba, na san inda na yi tuntuɓe. Tambaya ce kan yadda gas ke zagayawa a na'urar sanyaya ɗaki, kuma zanen na yi shi tsaf: kwamfireso ya matse gas, kondensa ya watsar da zafin waje, bawul ya sauke matsi, ibaforeta ya zuƙe zafin ɗaki. Da aka zo lissafi sai na ɗauko lamba daga wani teburi daban, komai ya rushe. Shekarata ta uku ke nan a injiniyancin injuna a Jami'ar Musulunci, amma har gobe mutanen unguwarmu a Kano sun ɗauka Hadisi nake karantawa.

Bayan La'asar Kawu ya kira ni in riƙe masa tsani, yaronsa bai zo ba. Ɗan'uwan Inna ne ta wajen kaka. Mahaifinsa a ƙasa ya taho hajji ta Sudan bai koma ba, shi kuwa nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci. Gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne sana'arsa tun ban zo duniya ba.

Muka hau rufin wani gida, siminti na huci kamar tanda. Matar gidan ta ce injin na aiki amma ɗaki ba sanyi. Ni har na fara jero dalilai a kaina. Kawu ko ma'aunin matsi bai ciro ba. Ya tsuguna, ya dafa bututu mai kaurin, ya ce, “Zo nan, ya muhandis (injiniya). Wannan in lafiya lau ne zufa yake yi, ka ji shi a bushe? Dubi siririn.” Na duba, ƙanƙara ta yi masa fari fat. “Gas ya tsere. Kuma gas ba ya ƙarewa haka kawai, ba fetur ba ne.” Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar bututun, sai ga kumfa na tasowa a gindin wani noti.

Abin da ya sa na yi shiru shi ne, tambayar da ta kayar da ni a gwajin ce kwance a gabana. Matsi ya yi ƙasa, gas na tafasa tun bai isa ɗaki ba, shi ya kawo ƙanƙarar. Na yi masa wannan bayani ina jin kaina, ya ce, “To madalla. Miƙo sifana.”

Magariba a Harami na yi ta. Na daɗe da sanin cewa sanyin masallacin ba a cikinsa ake haɗa shi ba. Tashar na can kimanin kilomita 7, ruwa ake sanyayawa a turo ta ƙarƙashin ƙasa, iskar ta fito ta gindin ginshiƙai. Amma yau ne na kai tafin hannu wajen, kamar yadda Kawu ya yi. Ga lemomin farfajiya guda 250 masu buɗewa da rufewa da kansu, ga ƙubbobi 27 masu zamewa gefe. Ko ruwan famfon garin yawancinsa daga teku yake, a Yanbu ake cire masa gishiri a turo shi. Duk wannan aikin 'yan fanninmu ne, amma ka ce “makanikal” a gida, sai a tambaye ka ko ka iya sauke giyabos.

Inna ma da muka yi waya abin da ta tambaya ke nan, wai in na gama gareji zan buɗe? Na ce a'a Inna. Ta ce to wane aiki? Nan fa na yi ta kame-kame. Abokan karatuna 'yan ƙasa idonsu na kan Aramco, kamfanin man Saudiyya, da masana'antun Yanbu da Jubail, wasu jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki a 2018. Mu baƙi lissafinmu daban ne, domin ana ta ƙara kason 'yan ƙasa a guraben injiniyoyi, kuma ban ga laifinsu ba. Hanyata ta gida ce: bautar ƙasa, rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, sannan neman aiki, ko matatar Dangote ko kamfanin siminti.

Sai dai tun da muka sauko daga rufin nan tumatirin Kadawa ta jihar Kano ke yi mini yawo a ka, yadda kwanduna ke ruɓewa a bakin titi lokacin kaka saboda babu ɗakin sanyi. Ban faɗa wa Inna ba, kar ta ce daga Madina tallar tumatir zan koma.

Kawu ya ba ni riyal 50 na ƙi karɓa, ya cusa mini a aljihun jallabiya. Ya ce Asabar akwai wani babban firjin mahauta da zai duba, in zo da takardar gwajin nan ya ga teburin da ya kayar da ni.