Juma'a, 31 ga Janairu: kwalbar Baba Mai Tumaki

Mako guda ke nan da guguwar Éowyn, har yau gidan Baba Mai Tumaki, tsohon da nake aikin kula da shi, babu wuta. An ce a Mace Head, a gaɓar tekun Konamara da ke yammacin Ailan, iskar ta kai kilomita 184 a awa, ba a taɓa auna mai ƙarfinta a Ailan ba. Ni dai abin da ya dame ni sanyi ne, ya shiga gwiwata ta hagu ya yi zaune.

Shi ya fara lura. Na durƙusa ina sa masa safa, da na zo tashi sai da na dafa kujera. Ya ce, "'Yata, wannan gwiwar taki ta girmi tawa." Ya aike ni ƙasan kabad ɗin baya, wai in duba bayan gwangwanayen fenti. Tsohuwar kwalbar 7UP ce, ruwan ciki fari tas. Ina buɗe murfin wari ya doki hancina, idona ya kawo ruwa.

Pocin ce, barasar da mutanen Konamara ke dafawa a ɓoye tun kaka da kakanni.

Na ce, "Baba, ka san fa addinina."

Ya ce, "Wa ya ce ki sha? Shafawa za ki yi. Da ita muke murza gaɓoɓi, da ita muke tayar da maraƙin da sanyi ya kayar. Gwiwa ai ba ta salla."

Dariya ta kusa kayar da ni. Na yi masa bayani a hankali cewa a wurinmu ba shan ne kaɗai matsala ba, ba zan shafa in tsaya salla da ita a jikina ba, kuma wurin aiki ma sun hana mu karɓar kyauta. Bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya gyaɗa kai, ya ce in ajiye ta kan tebur ta ji hirarmu.

Daga nan baki ya buɗe. Ya ce tun 1661 da sarautar Ingila ta ɗora haraji a kan barasa talakawa suka shige duwatsu da tsibirai da tukwanensu, ba a halatta sayar da pocin a cikin ƙasar ba sai 1997, kuma har gobe wanda ya dafa ba lasisi 'yan sanda na iya kama shi. Ta shago kuwa, a cewarsa, ta masu yawon buɗe ido ce. Su da sha'ir suke yi, wasu da dankalin turawa ko sukari. A jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, a niƙa, a bar shi ya yi tsami, sannan a ɗora a wuta, tururin ya bi ta naɗaɗɗen bututun tagulla da ke cikin ganga mai ruwan sanyi, ya riƙa ɗigowa. Ranar iska ake zaɓa don hayaƙi ya watse kada a hango daga nesa. Wanda ya fara ɗigowa kuma ba a taɓa shi, a ƙasa ake zubarwa, rabon mutanen ɓoye ne. Nan na yi murmushi ni kaɗai, don wannan na farkon shi ne ya fi ɗauke da guba. Ko ma wa aka ba, zubarwar ta yi rana.

Sai ya koma kan magungunansu na gargajiya. Ɗa na bakwai wanda ubansa ma na bakwai ne, shi ke warkar da makero. Yaron da aka haifa bayan rasuwar ubansa, in ya hura iska a bakin jariri mai fararen ƙuraje, sun tafi. Tarin shiƙa kuwa, ko a zura yaro ta ƙarƙashin cikin jaki, ko a roƙo burodi wurin matar da ta auri mai sunan dangi irin nata. Mai maganin ba ya karɓar ko sisi, in ya karɓa ya lalace. Na jakin nan ban yarda da shi ba, na kuma faɗa masa. Amma karagin, ciyawar tekun da suke tsinta a kan duwatsu su shanya su dafa da madara don ƙirji, ita na rubuta, saboda tarin Auta. Yadda yake jero su yana ɗaga yatsa, sak Inna in ta zauna lissafin abin da man kaɗanya ke yi.

Ya ce yayarsa marigayiya na cikin 'yan makarantar da aka tura wajen tsofaffi, daga 1937 zuwa 1939, su rubuto irin waɗannan. Yara fiye da 50,000 suka yi aikin, littattafan na ajiye a jami'a a Dablin, an kuma sa su a intanet. Na ce zan nemo masa na makarantarsu in wuta ta dawo. Fuskarsa ta yi fes.

Muna cikin haka 'yarsa ta iso daga Dablin, mota cike da tukwanen gas da fitilu. Ko gaisuwa ba ta gama ba idonta ya sauka kan kwalbar. Ta shinshina, ta ce, "Daddy, har yanzu kana nan da shirmen nan?" Ta nufi wurin wanke-wanke ta tuntsurar da ita duka, ta sakar mata famfo, ta jefa kwalbar a shara. Ta juyo tana ba ni haƙuri, wai kada in kula shi, tsufa ne.

Bai ce uffan ba. Sai da ta fita ɗauko sauran kaya ya ce, ƙasa-ƙasa, ta ƙaninsa ce, dahuwarsa ta ƙarshe kafin ya rasu.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan har yanzu. Ba wai ba ta da hujja ba. Mutum na shan maganin tsinka jini, gida cike da kyandir, ga abu mai kama wuta, ba wanda ya san ƙarfinsa. Ni ma da na ga ya kai baki da na hana. Kuma ni ce fa Musulmar da ta ƙi taɓawa, bai kamata in zauna ina jimamin barasa ba. Amma a gabana? A gaban mai aiki za ki ce wa mahaifinki shirme? Ta iya ɗauke ta ta kai wani wuri, ta iya tambaya ta wane ce. Ita ɗin nan da kunnena na ji tana gaya wa mijinta a waya ya ba yaro 7UP da aka bari gas ɗinsa ya fita, wai cikinsa na ciwo. Nata ba shirme ba ne ke nan.

Dab da tafiyata ya roƙe ta ta shanya gyalen mahaifiyarta a kan shinge. Yau daren Waliyya Brigid ne, suna barin ƙyalle a waje ya kwana, su ajiye shi duk shekara don ciwon kai da na maƙogwaro. Ta ce gobe. Kowa a ɗakin ya san gobe ba ta da amfani. Lokacin bas ya yi, na ɗauki jakata.

A hanya ba hira, batirin waya ya kusa mutuwa. La'asar da magariba a gida, a jere. Maigida ya ce da na shigo masa da kwalbar da mun kwana a waje ni da ita. Taliya da miyar jiya. Auta ya ƙi madarar karagin tun kafin in samo karagin ɗin. Inna ta turo saƙon murya, wai in daka citta da kanumfari in kwaɓa da mai, kuma in daina yawo ba safa.

Litinin hutun Brigid ne a duk ƙasar, amma an sa ni aiki. 'Yar ma tana nan har Talata.