Talata, ƙwai tara

Tara na tsinta yau. Jiya 11, shekaranjiya 12, alhali a watan Janairu jajayen kajin nan guda 20 sukan ba ni 17 ko 18 ba fashi. Cikin taran ma biyu sun tsage tun kafin in kai su kwano, ɗaya kuma ba shi da ɓawo sam, fata ce kawai, in ka taɓa ta lotsa kamar ƙullin ruwan leda. Shi na soya wa Ummi ta ci ta wuce makaranta.

Duk da haka da farin ciki na tashi. Wake-wake ta cika kwana 16 a kan ƙwanta, saura biyar in Allah Ya yarda mu ji kukan 'yan tsaki. Da na miƙa hannu zan gyara mata ciyawa sai ta kumbura, ta kai mini sara a bayan hannu. Na ji daɗin saran nan, don kazar da ke faɗa a kan kwanci ba ta tashi ta bar ƙwai. Jajayen turawa kuwa ba ruwansu da kwanci, su saka su tashi, shi ke nan.

Hantsi ya ɗaga sai ga sallamar Malam Buba mai shayi. Da kansa ya zo, bai aiko yaron ba, kuma tun daga nan gabana ya faɗi. Muka gaisa a bakin zaure, ina kwana, ina gajiya, ya zafi, ya yara. Ya jingine kwalin ƙwai biyu babu komai ciki, ya tsaya yana murza hularsa.

"Maman Ummi, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙwan nan naki ba ya kai mini tebur. Ranar Asabar daga nan zuwa tasha a kan babur, bakwai suka fashe cikin 30."

Na ce masa zafi ne, kowa ya san halin Afrilu a Garwa, in damina ta sauka za su dawo daidai.

"Na sani, wallahi na sani. Amma na Bafusam da ake saukewa a babbar kasuwa, duk nisan tafiyar da yake sha a mota, sai na buga shi a bakin kofi sau biyu kafin ya fashe."

"Malam Buba, can ƙasar tudu ce mai sanyi. Ɗauko kazar Bafusam ka ajiye ta a Yelwa da azahar, ka ga irin ƙwan da za ta ba ka. Kuma nawa na yau ne, ka fasa ka dubi gwaiduwar."

Ya ce gwaiduwa kam babu kamar tawa, masu shan shayinsa ma sun sani, amma shi ƙwan da ya fashe a hanya asara ce tasa. Zai riƙa ɗaukar na kasuwa zuwa damina. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗi, ya ƙirga mini sefa 4,500 a kan gindin turmi, har da 'yan sulalla, duk abin da nake binsa bai rage ko dala ba.

Wannan biyan shi ya tsaya mini a rai yini guda. Shekara uku muna ciniki, ban taɓa ganin ranar da babu wani ɗan saura tsakaninmu ba. Ya ɗauka yau ya biya Juma'a, Juma'ar ta zo ya ɗauki wani. Lokacin da ya fara, tebur ɗaya da buta ɗaya da benci na aro, ni na ce ya ɗauki kwali guda, in ya sayar ya kawo. Saurar nan ita ce igiyar da ke dawo da shi ƙofar gidan nan. Yau ya ƙirga komai tsaf, ya ce a gai da maigida, ya tayar da babur.

Goggo tana ɗaki tana jin komai. Da na shiga sai ta ce, "Yo ke, sabo da kaza ai ba ya hana yanka ta." Na yi shiru don ba na son in mayar mata da magana, amma karin maganar ba ta dace da Malam Buba ba. Bai yi mini ƙarya ba, bai ci mini kuɗi ba, bai ma aiko yaro ya faɗa mini ba, ƙafarsa ya tako. Da ya cuce ni da na san inda zan ajiye fushina. Gaskiya ya faɗa, ni ma da hannuna na fasa biyu da safe.

Kuma ba laifin kajin ba ne. Da azahar na je na tsuguna bakin akurki ina kallonsu: baki a buɗe, fikafikai a saki, maƙogwaro yana ta rawa. Ma'aikacin dabbobin da ya zo ya yi musu rigakafi bara, da allurar nan da ake yi a Lanavet, ma'aikatar haɗa allurar dabbobi ta Bokle, ya taɓa yi mini bayani. Kaza ba ta yin zufa, da haki take fitar da zafi, kuma iskar da take ta fitarwa tana tafiya da abin da jininta ke bukata wurin gina ɓawo. Ga shi in zafi ya yi yawa ba ta cin abinci sosai, sai shan ruwa. Ƙwai ɗaya yakan ɗauki kusan awa 25 a cikinta, kusan 20 daga ciki duk aikin ɓawo ne, mafi yawa kuma da dare. Kazar da ta yini tana haki da cikin da ba kome, da me za ta gina shi?

Na sake musu ruwa sau huɗu, daga randa, don na cikin jarka kamar an dafa. Na jiƙa buhunan algarara na rataya ta gefen yamma. Na yayyafa ruwa a ƙasan darbejiya, nan take suka tona ramuka suka kwanta ciki. Wani jan gwada ma ya zo ya sha nasa a kaskon, ba wadda ta kula shi.

Wuta ba ta dawo ba tun daren jiya. Ƙarshen rani ne, ruwan Binuwai ya ja baya a madatsar Lagdo da ke ba mu wuta, dama haka muke kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Farantan sola biyun nan da batir ɗaya su ke riƙe da mu, fitila uku da cajin waya da fanka guda. Sadiku ya hau ya goge musu ƙura da safe. Da rana ta take na ciro fankar daga ɗakinmu, na ja waya har akurki. Na san abin da hakan ke nufi, batirin ba zai cika ba, fankar ba za ta kai mu asuba ba. Da Baban Ummi ya dawo na gaya masa tun kafin ya tambaya. Ya dubi wayar da ta ratsa tsakar gida, ya ce mu fitar da tabarma waje yau, a ɗaura gidan sauro. Game da Malam Buba kuwa cewa ya yi in bar shi, zai dawo. Shi ba a gabansa aka ƙirga kuɗin ba.

Tuwon dawa miyar kuɓewa. Ummi ta ci 14 cikin 20 a lissafi. Goggo ƙafar na damunta.

Bayan la'asar na tara ɓawon ƙwan mako guda na gasa a kasko har ya yi ƙamshin ƙuna, na daka shi da ƙasusuwan da Sadiku ya karɓo wurin mahauta na ƙona. Dole ya daku sosai, don in suka gane ɓawo ne sai su koyi fasa nasu. Na zuba musu daban da yamma lis, lokacin da iska ta ɗan sassauta suka fara neman abinci. Daga gobe kuma tun asuba zan riƙa ba su masara da dusa, in ɗauke da rana.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce. Na leƙa da tocila, uku har yanzu bakinsu a buɗe yake. Kwalayen Malam Buba biyu suna nan jingine a zaure inda ya bar su, Sadiku ya tambaya ko ya kai masa gobe, na ce ya bar su tukuna.