Abin da na koya a gareji game da motar da ke tafasa

Jos gari ne mai sanyi, amma motoci masu tafasa ba sa yankewa a garejinmu na Farin Gada. Galibinsu tsofaffi ne, irin su Golf 3 da Carina E da Honda na shekarun 1990. Direba kan shigo da maganinsa a baki: "Oga, a haɗa mini fankar nan dairek kawai," wato ta riƙa juyawa ba tsayawa muddin mota na kunne. Maigidana ba ya musu da shi, ba ya kuma ɗaukar sifana. Sai ya ce, "Malam, a ina take yin zafin? A cunkoson Terminus, ko kuwa sai ka ɗau hanya?"

Daga wannan tambaya na fara gane aikin. Idan mota tana gudu, iskar da ke bugun lagireto ta ishe ta, fanka ba ta da wani aiki sosai. Saboda haka motar da allurar zafinta ke hawa a tsaye, ta sauko da zarar hanya ta buɗe, wajen fanka za a duba. Wadda take lafiya lau a cikin gari amma ta tafasa a kan babbar hanya, ko wajen hawa Hawan Kibo da kaya, yawanci ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata: ko lagireto ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko fikafikan famfon ruwa sun cinye, ko tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya maƙale. A kashe inji a shafa jikin lagireto da hankali. In an ji wani wuri da zafi wani da sanyi, ya toshe.

Ita fankar lantarki ana binta ne daga mai araha. Fiyus tukuna, sannan rile mai sakar wa fanka wuta, sannan makunnin da ke jin zafin ruwa, can ƙarshe motar fankar, wato ɗan injin lantarkin da ke juya ta. A Golf da Honda, in ka zare soket ɗin makunnin ka haɗa bakinsa da guntun waya, fanka ta tashi, to wayarin da fankar lafiyarsu ƙalau, makunnin ne ya mutu. Tsofaffin Toyota da yawa akasin haka suke, zare soket ɗin kaɗai ke tayar da fanka. Akwai kuma fankar da ke juyawa amma mai wayarin ya juya mata waya, tana tura iska gaba maimakon ta jawo ta. Takarda ake sawa a gaban lagireto: in ba ta manne ba, an gano ɓarawon. Wasu Marsandi 190 kuwa fambel ne ke jan fankarsu ta wani kuloci mai mai a ciki, wanda in ya gaji fanka sai ta riƙa juyin ganin dama.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne murfin lagireto, alhali a Jos yana da muhimmanci ƙwarai. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Murfi mai kyau yana matse ruwan har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Su kuma makunnan fanka galibi tsakanin digiri 90 da 100 suke tashi. Ka ga ke nan, in robar murfin ta mutu, ruwa na iya fara tafasa daidai lokacin da fanka ke shirin tashi, a ɗora wa fanka laifin da ba nata ba. Sau da yawa mun sallami mota da sabon murfi daga kasuwar kayan mota ta Dilimi, mai ita yana kallonmu kamar mun raina masa hankali.

Maganar cire tamostat da haɗa fanka dairek, ni dai ban yarda da ita ba, ko da yake rabin garejin garin nan haka ake yi, wai tamostat na ƙasar Turawa ne. Shi tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82 zuwa 88 don inji ya yi saurin kai zafin da yake aiki da shi. In aka cire shi, a safiyar hunturun Jos injin sai ya daɗe yana sanyi, yana zuƙar fetur yana cinye kansa. Fankar dairek kuma ta yi ta juyi har motarta ta ƙone, ita kuwa ainihin cutar tana nan an rufe ta.

Wadda ba ma son gani ita ce motar da aka yi ta tuƙawa da allura a ja, ana ƙara mata ruwan leda a hanya. A buɗe murfi da safe inji na sanyi, don mai zafi ba a buɗe shi, sannan a tayar. In kumfa na ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, salansa na fitar da farin hayaƙi ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da jikinsa ya ƙone. Nan maigida kan ce wa mai motar, "Alhaji, sai dai haƙuri, sai an sauke kan injin an kai wa masu gogewa su auna ko ya lanƙwashe."