Sana'ar maganin maza a Sakkwato: daga buhun gagai zuwa kwalba

Maganin maza nake haɗawa ina sayarwa. A wurin ɗaurin aure idan an tambaye ni sana'ata nakan ce kayan gargajiya, don ba kowace magana ake faɗa gaban suruki ba. Kamfanin namu ƙarami ne: ni, da ƙanena mai kula da injin niƙa, da yara biyu masu cika kafso da liƙa takarda a jikin kwalba. An san Sakkwato da kayan mata har Legas, amma mu ɓangaren maza muka kama, kuma cinikinsa bai gaza wancan ba, sai dai shi a ɓoye ake yinsa.

Jigon haɗinmu baƙin gagai ne. Ɗan guntun tsiro ne na daji wanda da wuya ya wuce ƙugun mutum, kuma karansa ake amfani da shi. Ba na sayen garinsa ko da rabin kuɗi za a ba ni. Abin da aka riga aka niƙe ba ka da hanyar sanin ko shi ne ko saiwar wata bishiya ce aka cuɗa da dusa. Sai na ga kara da ganyensa, na karya, na sansana, sannan mu yi ciniki. 'Yan shekarun nan samunsa ya yi tsada, domin masu shiga daji su saro sun ja baya saboda 'yan bindiga, buhun da ya iso kuwa ya biyo hannu uku ko huɗu. Sauran kayan haɗi babu wahala: citta, kanumfari, masoro da namijin goro duk ana samu a Tsohuwar Kasuwa. Goron tula kuma daga Tula ta jihar Gombe ake kawo mana.

Aikin da ya fi cin rai shi ne busarwa. Mutane na ganin tunda ranar Sakkwato takan haura digiri 40 a watan Afrilu, ai shanya ba matsala ba ce. To, rana mai zafi tana ƙone ganye ta kashe ƙamshinsa, don haka a inuwa muke shanyawa, kan gadon waya da aka ɗaga daga ƙasa. Da hunturu ƙura ce abokiyar faɗa, sai mun lulluɓe da yadi mai shara-shara. Damina ta fi kowane lokaci haɗari, domin kara yakan bushe a waje alhali cikinsa da danshi, ka zuba a buhu, bayan kwanaki ka buɗe ka tarar da fumfuna. Irin wannan buhu zubarwa ake yi gaba ɗaya, ba a tsince mai kyau, saboda gubar fumfuna hanta take ci kuma tafasawa ba ta kashe ta. Injin niƙa ma sai da na sayi nawa. Na unguwa yanzu ya niƙa barkono, anjima masara, kai kuma ka kawo magani.

Wani abin mamaki, gagan da kakanninmu ke jiƙawa a tulu yanzu yana cikin kwalabe a Amurka. Wani ɗalibin jami'ar Danfodiyo ne ya nuna min a wayarsa: an rubuta Fadogia agrestis, ana sayar wa masu ɗaga ƙarfe da dala, wai yana ƙara testosteron, sinadarin da ke riƙe da sha'awa da ƙarfin jikin namiji. Tushen maganar daga gida take. A 2005 masu bincike a Jami'ar Ilorin sun ba ɓeraye ruwan karan gagai, suka ga sinadarin ya hau a jininsu. Masu talla a nan suke tsayawa. Amma a 2008 masanan sun sake fitar da wani sakamakon, inda ɓerayen da aka ɗora a kansa kwana 28 a jere suka nuna alamun illa a 'ya'yan maraina. Duka biyun gwajin ɓeraye ne, ba na mutane ba. Shi ya sa ba na sayar wa mutum kwalba uku a tashi ɗaya, kuma nakan ce in ta ƙare a huta kafin a dawo. Wasu na jin haushi, suna ganin ina ƙin kuɗi.

Babban abin da ke karya mana kasuwa shi ne maganin sha yanzu magani yanzu. Za ka ji mota da lasifika tana zagaya gari ana kwarara batsa, ana alkawarin minti talatin. Ganye ba ya aiki haka. Idan garin magani ya tada mutum cikin rabin awa, ya bar shi da ciwon kai, toshewar hanci da jan ido, to akwai yiwuwar an daka sildenafil a ciki, wato sinadarin ƙwayar Viagra da aka fara sayarwa a Amurka a 1998. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi kan irin wannan algus. Ƙwayar kanta magani ce idan likita ya rubuta, amma wanda ya zuba ta a turmi ba awo ya yi ba, cokalin wani ya ɗebo kaɗan, na wani ya ɗebo ninki. Mai ciwon zuciya da ke sa ƙwayar ciwon ƙirji ƙarƙashin harshe, idan ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. Wanda kuma gabansa ya ƙi kwanciya har awa 4, asibiti zai nufa a guje, kunya ba ta da wuri a nan.

Yawancin masu zuwa wurina bayan isha'i suke zuwa, kuma da wuya mutum ya ce don kansa ne. Wani dattijo ya zauna kan benci, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce, "Malam, wani abokina na ka hwama da basir, ya hana mai komi." Na ce, "Baba, abokin nan naka yana yawan tashi fitsari da dare? Yana jin ƙishirwa?" Ya yi shiru, ya ce ƙwarai. Na roƙe shi ya fara zuwa a auna masa suga da hawan jini, in ya so ya dawo da takardar. A garin nan kowace kasala basir ce ko sanyi, alhali ciwon suga da hawan jini suna lalata ƙananan jijiyoyin jini, kuma sau da yawa a shimfiɗa ake fara ganin alamar. Samari kuwa nasu daban ne: taba, tiramadol, rashin barci da fargaba. Mai son sanin ko testosteron ɗinsa ya yi ƙasa, gwajin jini ake yi da safe, don lokacin ne yake sama.

Takardu sun ci kuɗi da lokaci. Sai da na yi rajistar sunan kasuwanci, sannan aka zo duba ɗakin aiki, aka kai samfuri gwajin guba. Lambar NAFDAC da ake ba maganin gargajiya a matakin farko tana ƙarewa da harafin L, ta shekara 2 ce a sabunta, kuma dole a rubuta a kwalba cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Mai saye ya gane: lambar na nufin an duba lafiyar shan abin, ba shaidar yana aiki ba ce.

Ciniki yanzu rabinsa ta WhatsApp ne. Da yamma ƙanena kan kai saƙonni tasha, na Birnin Kebbi, na Gusau, na Kano, wani lokaci har Ƙonni ta hanyar Illela, kowanne a naɗe cikin kwali marar rubutu kamar yadda masu shi suka nema. Bana na karɓi aron wata 'yar gona, ina so in gwada ko gagai zai yarda da ƙasarmu idan an ba shi ruwa, don in rage dogaro da 'yan sari.